Maki Goma Sha Bakwai da Bhabatosh-babu Ya Bayar

A unguwarmu ta arewacin birnin Kolkata, in ka ce Bhabatosh Chakladar, ko Bhabatosh-babu yadda muke ƙara wa sunan mutum don girmamawa, wasu za su tsaya tunani, amma in ka ce "Mai Taga", har mai sayar da kifi zai nuna maka gidan da tsinin wuƙarsa. Laƙabin ya fito ne daga jimla guda da ya rubuta yana ɗan shekara ashirin da bakwai, jimlar kuma ta ci gaba da ciyar da shi har kansa ya yi fari fat.

Malamin adabin Turanci ne a wata ƙaramar kwaleji. Shekara talatin da uku yana koya wa 'yan aji biyu littafi guda, wani tsohon ƙagaggen labari na Turawa da jami'a ta rantse ba za ta cire daga manhaja ba. Labarin ba shi da wuya. Wani akawun tashar jirgin ƙasa ne yake ba da tarihin abokinsa, likitan dawaki, mutum mai farin jini da taurin kai, wanda ya ƙare a cikin kogi wajen ceton dokin da ba nasa ba. Kowace shekara kuma sai an tambayi ɗalibai a jarrabawa su tattauna halin mai ba da labarin. Amsar Bhabatosh-babu tana cikin wani littafin rubutu da tsufa ya mayar ruwan ɗorawa, kuma ga yadda ta fara: "Mai ba da labarin taga ce wankakkiya. Ta cikinsa muke hango gwarzon, shi kuwa ba ya neman kome don kansa."

Ɗalibai suka kwafa, suka bar wa ƙannensu gado. Daga baya masu shagon littattafai suka buga bayanan da sunan wani mutum da ba a taɓa haifa ba, suna sayarwa a bakin titi tare da alƙalami da rula. Wani malamin da tuni ya yi ƙara. Shi ko Bhabatosh-babu in ya wuce ya hango su, sai ya gyara riƙon laimarsa ya ƙara ɗaga kai. A ganinsa, tunda har ana satar maganarsa, to ta kai magana.

Gidansa ɗaki biyu ne da baranda a hawa na biyu, shi da yayarsa Minati, wadda kowa a layin ke kira Didi, wato Yaya, har waɗanda suka girme ta. Ta dawo gida tun da mijinta ya rasu, ta karɓi kicin, ta karɓi makullai, ta kuma karɓi ikon yi masa tsawa in ya bar kifi a faranti. Shi bai taɓa aure ba. An taɓa kawo masa zancen sau ɗaya, abin bai yiwu ba.

Da yamma kuwa ba a nemansa ko'ina sai kan bencin mai shayin bakin layi, kuma ba a jin wata hira daga bakinsa sai ta Sukhendu. Sukhendu Bagchi abokinsa ne tun suna 'yan shekara goma sha takwas, golan ƙungiyar ƙwallon unguwa, wanda daga baya ya kama aiki a ofishin tashar jiragen ruwa, ya yi aure, ya haifi biyu, zuciyarsa ta tsaya yana da shekara talatin da tara. Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwarsa, amma a kan bencin nan kullum yana tsakiyar raga, cikin ruwan sama, yana tashi sama ya cafe ƙwallon da duniya ta riga ta ce ta shiga. Mun ji labarin har mun haddace inda Bhabatosh-babu zai ajiye kofin shayi ya buɗe tafukansa biyu. Muna yi masa dariya, muna kuma son sa, domin mutum ne da bai taɓa cin mutuncin kowa ba sai mai rubuta amsa ba tare da gabatarwa ba.

Nitai Hazra ne ya fi kowa tsokanarsa. Shi ma malamin adabi ne a kwalejin 'yan mata, Bhabatosh kuma ya girme shi da shekara goma. Da ya hango shi tafe sai ya kira shi yadda ƙane ke kiran wansa, ya ce, "Bhaba-da, yau nawa Sukhendu ya kama? Ka faɗa mana da wuri, kafin a ci shi."

"Kai ko kwando aka ba ka ba za ka kama ba," in ji Bhabatosh-babu, ya zauna, ya fara daga farko.

A shekararsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki, aka kira shi duba takardun jarrabawa kamar kullum. Aikin yana da tsarinsa. Ana tara malamai kamar arba'in a babban zaure ƙarƙashin fankoki masu kuka, a ba kowa ƙunshin takardu ashirin da biyar ɗaure da igiya. An rufe sunayen ɗalibai, lamba kawai ake gani. Ba a fita da takarda ko zuwa bayan gida. Ana fara sa maki da fensir, sai an gama ƙunshin a bi da jan alƙalami, daga nan kuma ba gyara. Shugabar masu dubawa takan raba wata takarda mai nuna abin da ake so a gani a kowace amsa. Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba, wadda ta fi rubutacciyar ƙarfi: a adabi, amsa mai kyau goma sha ɗaya take samu cikin ashirin, mai kyau ƙwarai goma sha biyu. Wanda ya ba da sama da goma sha biyar sai ya rubuta dalilinsa a 'yar takarda, ya sa hannu, shugaba ma ta sa. Shi ya sa ba mai bayarwa.

Ranar Asabar ce, a cikin watan Bhadra na kalandarmu, lokacin da damina ke ja da baya rana ta fito da zafin ramuwa. Bhabatosh-babu ya riga ya gamu da tagarsa sau goma sha tara a ƙunshi ɗaya. Wasu sun rubuta ta daidai, wasu sun karya mata gilashi, amma duk tasa ce, yana raba musu goma sha ɗaya yana gyaɗa kai. Sai ya buɗe takarda mai lamba 4417. Rubutun ƙanana ne, masu jingina gefe guda, da shuɗin tawada. Ko namiji ne ko mace, babu mai sani. Mu ce "shi" don baki ya huta. Amsar ta fara da cewa: "An koya mana cewa mai ba da labarin taga ce. Amma taga ba ta ajiye rigar mamaci shekara ashirin a cikin akwati."

Bhabatosh-babu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Mai lambar ya ci gaba. Ya ce akwai masu nazari a yanzu da ke cewa a zamanin da aka rubuta irin waɗannan littattafai, namiji ba shi da bakin cewa yana son namiji, haka mace ga mace. Abin da ke jiran mai faɗa zagi ne da gidan yari. Saboda haka irin wannan soyayya takan ɓuya a cikin labari, wani lokaci har ga mai ba da shi. Masu wannan ra'i suka ce kada ka tambayi mai ba da labari abin da yake ji. Ka bi idonsa kawai, ka ga inda yake daɗewa da inda yake sauri. Akawun nan, in ji mai lambar, ya siffanta hannuwan likitan dawaki sau bakwai. Matarsa ta aure kuwa layi ɗaya ya ba ta a duk littafin, ko sunanta bai faɗa ba. Ba wai ba ya neman kome ba ne; abin da yake nema ne ba shi da halin ambata, sai ya mayar da shi labari.

Shafi shida aka cika da wannan. Ga alama kuma a nan lokaci ya ƙare wa mai lambar, domin tambayar ƙarshe layi huɗu ya rubuta ya tsaya a tsakiyar jimla. Bhabatosh-babu ya haɗa makin sauran amsoshin, ya sami ashirin da tara. Ana cin takardar da arba'in. Wato da yaron nan ya rufe ido ya zubo tagar kamar kowa, da ya samu goma sha ɗayansa ya haye. In ya samu ƙasa da haka, shekara guda ta tafi.

Ya danna fensir har bakinsa ya kusa karyewa, ya rubuta huɗu.

Hazra, da ke teburin gefe, ya leƙo. "Kai, Bhaba-da! Wa ka yanka haka da ranar Asabar?"

"Karanta ka gani. Rashin kunya zalla."

Hazra ya ja takardar, ya karanta yana murmushi. "Af, wannan ai sabon ra'in nan ne. Yanzu har taro ake yi a kansa a manyan jami'o'i, a ci abinci a ɗauki hoto. Rubutun 'ya mace ne ma, in ka tambaye ni."

"Ban tambaye ka ba. Abota ce tsarkakakkiya suka ɗauka suka shafa wa laka. Yaran yanzu ina suka san abota? Ni na san abota."

"To ai shi ke nan, ka kama shi da ƙarya. Ya ce matar akawu ba ta da suna. Mene ne sunanta?"

"Tana da suna mana!"

"Faɗa mini, shayin yau a wuyana."

Bhabatosh-babu ya buɗe baki. Ya dubi fanka. Ya ce yana jin da harafin M ya fara.

Hazra ya rage murya, idonsa na ƙyalli don mugunta. "Bhaba-da, tsakani da gaskiya, yaushe rabonka da buɗe littafin? Ba bayananka ba fa, littafin."

A nan ya kamata in yi wa Bhabatosh-babu adalci. Cikin malamai arba'in da ke zauren nan, da za a tsare ƙofa a ce ba mai fita sai wanda ya karanta littafin a shekara goman da ta wuce, da wuya a samu biyar su ci abincin rana a gida. Haka aikin yake: ka karanta sau ɗaya kana saurayi, ka rubuta bayani, daga nan bayanin ne littafin. Amma shi mutum ne mai kunya, kuma tambayar ta same shi a inda ba ya tsammani. Da aka buga ƙararrawar tashi, ya bi takardu ashirin da huɗu da jan alƙalami, ya bar 4417 da fensirinta. Ya gaya wa mai karɓar ƙunshi cewa sai Litinin zai rufe.

Lahadi da safe ya birkice gidan yana nema. Ya sauke kantar littattafai, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya yi atishawa ta fi goma.

Didi ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Bhaba, ɓarawo ne ya shigo ko kai ne?"

"Littafina nake nema. Mai koren bango."

"Mai hoton doki? Ai yana ƙarƙashin ƙafar kabad ɗin kicin."

"Ƙarƙashin me?"

"Tun shekarar da ruwa ya shigo ya cinye ƙafar. Shekara goma sha shida ke nan. Na ce in kana buƙata za ka tambaya." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ga kuwa ka tambaya."

Ya ɗaga kabad ɗin yana nishi, kwanuka na ƙara, ta zaro littafin. Kafin ya sauke, ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauko littafin bayanansa mai ruwan ɗorawa ta cusa a gurbin.

"Didi! Wannan fa aikin shekara talatin da uku ne!"

"Kaurinsu ɗaya. In ka gama da wancan ka dawo mini da shi ka ɗauki naka."

Ya fita baranda yana gunaguni, ya zauna a kujerar kaba da akwatin ashana a gefe. Niyyarsa ɗaya ce, ya kama mai lamba 4417 da ƙarya. Duk inda aka ambaci hannun likitan dawaki zai ajiye tsinken ashana ɗaya a kan tebur, in kuma ya tarar da sunan matar zai ja masa layi ya kai wa Hazra har gida.

Tsinke na farko ya sauka tun a shafi na uku. Kafin akawun ya ga fuskar mutumin ma, hannunsa ya fara gani, ya miƙo ta wurin sayar da tikiti, da tabon cizon doki a gindin babban yatsa. Bhabatosh-babu ya yi tsaki ya ci gaba. Ga hannun a wuyan goɗiyar da ta firgita, yana shafa ta har ta daina rawar jiki. Ga shi yana feraye tuffa, ɓawon bai tsinke ba. Didi ta kawo shayi ya huce, ta kawo wani. Da rana ta take, Didi ta kira shi cin shinkafa da kifi, ya ci da littafin a hannun hagu, abin da ya sha hana ɗalibai. A babi na goma sha ɗaya ya tarar da matar. "A wannan bazarar na yi aure," in ji akawun, sai jimla ta gaba ta koma kan sabon dokin da abokinsa ya saya, shafi biyu cur. Bhabatosh-babu ya juya baya, ya juya gaba, ko an ɓoye sunan a wani lungu. Babu M, babu kowane harafi.

Abin da ya fi damunsa ba kuskurensa ba ne. Littafin ne ya ƙi zama baƙo. Duk inda akawun ya tsaya ya ja numfashi kafin ya faɗi wata bajintar abokinsa, Bhabatosh-babu ya san wurin tun kafin ya iso, kamar mai hawa matakalar gidansu cikin duhu.

Yana cikin babin ƙarshe, inda akawun ke buɗe akwati ya dubi rigar mamacin, sai inuwa ta faɗo kan shafin. Didi ce. A watan Bhadra kowace mace a layinmu takan fito da kayan sanyi da barguna daga akwatin ƙarfe ta shanya su a wannan rana mai zafi, don kada danshin damina ya ci su. Ta riga ta baza barguna a kan bangon baranda, warin kafur ya cika wurin. Yanzu kuma ta girgiza wata tsohuwar suwaita baƙa, mai faci a gwiwar hannu biyu, ta rataye a igiya daidai gaban fuskarsa.

Ta Sukhendu ce, wadda yake tsaron raga da ita. Wata rana ruwa ya jiƙa shi bayan wasa, ya biyo ta gidan ya tuɓe ta don ta bushe, ya tafi da rigar Bhabatosh. Bai dawo ya ɗauka ba, Bhabatosh kuma bai tuna masa ba. Shekara talatin da takwas ke nan.

Ya dubi suwaitar. Ya dubi tebur. Tsinken ashana takwas ne a jere.

Can ya ce, "Didi, yarinyar nan ta garin Barasat, wadda aka kai ni gani. Yaya ma sunanta?"

Didi ba ta juyo ba, tana gyara hannun suwaitar a kan igiya. "Shefali. Ta yi maka waƙa biyu, ta kawo maka kayan zaƙin da ta yi da hannunta. Kai kuma ka zauna ka ba ubanta labarin wasan ƙwallo na awa guda, har da tashi tsaye ka nuna yadda aka kama. A hanyar dawowa Baba bai ce da kai uffan ba."

"Ban tuna ba."

"Na san ba ka tuna ba."

Ya sake duban igiya. Wani hankaka ya sauka kan bango, ya leƙa barguna, ya tashi.

"Me ya sa ba ki taɓa ba da suwaitar nan sadaka ba? Kin ba da kayan Baba, kin ba da na mijinki."

Sai a lokacin ta juyo. Fuskarta ba dariya, ba kuma faɗa. "Bhaba, ni ban yi karatun Turanci ba. Amma na san abin da nake shanyawa."

Kunya ta kama shi, irin ta wanda ya daɗe yana magana da ƙarfi bai san ana jin sa ba. Bayan kunyar kuma wani baƙin ciki ya taso masa, tsoho, wanda ya kamata ya yi shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, a ranar da ya tsaya can baya a wurin ƙona gawar Sukhendu bisa al'adarmu, tare da abokan ofis ɗin mamacin, domin ba shi da wani matsayi da ya fi wannan. Ranar bai je bencin mai shayi ba, karo na farko da muka sani ba tare da zazzaɓi ba.

Litinin ya riga kowa isa zauren. Ya goge huɗun, ya ɗauki jan alƙalami ya rubuta goma sha bakwai, ya ɗauki takardar ya nufi teburin shugaba.

Shugabar, Dakta Kaberi Sanyal, ɗalibarsa ce a da. Ta haddace tagar tana 'yar shekara goma sha tara, ta ci jarrabawa da ita, yanzu ga ta da gilashin karatu da tarin ƙunshi a gabanta. Da ta gan shi ta miƙe tsaye, domin har yau ba ta iya zama yana tsaye.

Ta karanta amsar a tsanake, ta dubi makin, ta dube shi. "Sa, goma sha bakwai? Ni kaina goma sha biyu ka ba ni, har gida na je na yi murna."

"Goma sha biyun kika rubuta."

"Amma Sa, takardar da muke bi wajen dubawa, daga bayananka aka ciro ta. Babu wannan a ciki. In ta je gaban masu tantancewa za su tambaye ni, za su kuma tambaye ka. Ka san bakin mutane, musamman a kan irin wannan batu, kuma saura wata biyu ka huta." Ta haɗa lissafin da sauri a gefen takarda. "Ka ba shi goma sha ɗaya. Ya ci, ba mai ɗaga kai, kowa ya tafi gida lafiya."

Shawara ce mai kyau, kuma don ƙaunarsa ta ba shi. Ya tsaya yana juya ta. Goma sha ɗaya za ta ceci yaron, ta ceci shi ma, ba 'yar takarda, ba sa hannu. Hazra na can ya daina aiki, ya miƙo wuya kamar zakara.

"Kaberi," in ji shi, "goma sha ɗaya makin wanda ya maimaita abin da na faɗa ne. Na ba mutum dubu nawa, ban sani ba. Wannan ya buɗe littafin. In na ba shi goma sha ɗaya, zai ɗauka an yafe masa ne. Ba laifi ya yi ba da za a yafe masa. Ba ni 'yar takardar."

Ta miƙa masa. Ya sunkuya a bakin teburinta, ya rubuta layi uku: "Na sake karanta littafin jiya. Amsar daidai ce, bayanina ne kuskure. Mutum yakan shekara yana ba da labarin wani domin ba shi da wata hanyar faɗin abin da ke ransa. Wannan na tabbatar da shi." Ya sa hannu da cikakken sunansa.

Kaberi ta karanta. Ita ma ta zauna a ajinsa shekara biyu, ta san yadda darasi kan kauce daga likitan dawaki ya faɗa filin ƙwallo, ta san inda yake ajiye alli ya buɗe tafukansa. Ta daɗe tana kallon takardar fiye da yadda layi uku ke buƙata. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ta shugaba ce.

"To Sa, in daidai ce, me ya hana ashirin?"

"Ya ce sau bakwai. Takwas ne. Ya tsallake na shafi na uku."

Ta yi dariya ta toshe baki da gefen mayafinta, ta ɗauki alƙalami ta sa hannu a ƙarƙashin nasa. Aka maƙala 'yar takardar, aka rubuta arba'in da shida a bango, aka mayar da 4417 cikin 'yan'uwanta aka ɗaure da igiya. Kafin azahar an jefa ƙunshin cikin buhu tare da wasu ɗari. Bhabatosh-babu bai taɓa sanin ko wane ne ba, mai lambar ma bai san wanda ya duba shi ba.

Da ya koma teburinsa Hazra ya raɗa masa, "To, Bhaba-da, sunan matar?"

"Ba ta da shi. Shayin a wuyana."

Ya iso gida rana ba ta faɗi ba. Ya bi ta kicin ya sha ruwa, ya ga littafin bayanansa a ƙarƙashin ƙafar kabad, ya taɓa kabad ɗin ya ji ya tsaya daram, ya wuce. A baranda Didi na durƙushe gaban akwatin ƙarfe, ta jera barguna, tana watsa ƙwayoyin kafur. Suwaitar ce ta rage. Ta ninke ta ke nan za ta sa.

"Didi, bar wannan a waje."

"Asu zai ci ta."

"Bari ya ci. Ta gaji da akwati."

Ta tsaya da suwaitar a hannu tana kallon ƙanenta, tsoho ɗan shekara sittin, da laima a hammata da jan tawada a yatsa. Da maganar ta fito daga bakinsa, ba ta da gabatarwa.

"Na so shi, Didi."

"Na sani," in ji ta.

Ta warware suwaitar, ta girgiza ta, ta shiga ciki ta rataye ta a bayan kujerar da ke fuskantar tasa a teburin cin abinci. Sannan ta ce ya je ya wanke hannu, shinkafa na hucewa.